Na biya kuɗi na koyi dokin a Samaru, ga abin da na gani

Jama'a tun ranar da na saka hoton furotin ɗin nan mai launi-launi a sitatus mutane ke ta bina da tambaya, wai ina na koya, nawa na biya, kuma wai da gaske ne in mutum ya gama zai samu aiki a kamfanin magani na waje. Na gaji da amsa wa mutane ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp shi ya sa na ce bari kawai in zauna in rubuta gaba ɗaya, wanda ya ga zai iya ya je, wanda ya ga ba layinsa ba ne ya riƙe kuɗinsa. Ba zan kama sunan wurin ba don akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba za su yi musu daɗi ba, kuma ba faɗa muka yi ba, gobe ma in mun haɗu za mu gaisa. Wata cibiyar koyar da kwamfuta ce dai a saman bene a Samaru, irin waɗanda suke yin rijistar jarabawa da buga furojek, sai suka ɗauko wani Dakta suka shirya kwas na sati uku a kan yadda ake neman magani da kwamfuta. Dubu 45 na biya.

Da farko dai sunan abin. Dokin. Ranar da na ce wa Hajiyarmu zan fara zuwa koyon dokin da yamma sai ta dube ni ta ce kai da ko akuya ba ka iya riƙewa, hawan sallah za ka shiga? Sai da na yi mata bayani cewa ba dokin Sarki ba ne, kalmar bature ce. Abin da ake nufi shi ne, kusan kowane magani da muke sha yana aiki ne ta hanyar zuwa ya manne a jikin wani furotin, ko namu ko na ƙwayar cuta, ya toshe shi ko ya canza masa aiki. To shi dokin shi ne ka ɗauko siffar furotin ɗin a kwamfuta, ka ɗauko siffar sinadarin da kake zato, manhaja ta yi ta jujjuya shi a cikin ramin furotin ɗin tana gwadawa kamar mai gwada makullai a kwaɗo, daga ƙarshe ta ba ka maki. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, amma na ga alama har yanzu ba ta gama yarda ba.

Ni famasi na karanta, ina zama a wani shagon magani a Tudun Wada da safe, kuma ina kan digiri na biyu, saboda haka sinadaran ba baƙi ba ne a wurina, kwamfutar ce baƙuwa. Wannan ya kamata in faɗa tun yanzu don wanda ya zo daga ɓangaren kwamfuta zalla ya san abin da na gani ba lallai shi ya gani ba.

Abin da ya fi komai a wurin shi ne malamin, kuma wallahi shi kaɗai ya cancanci kuɗin. Ɗan Zariya ne, ya yi karatu a waje kuma ya yi aiki a sashen lissafin kwamfuta na wani kamfanin magani a Turai kafin ya dawo gida na ɗan lokaci. Ba ya da yawan magana, ba ya kuma burga, in ka tambaye shi abin da ya wuce saninsa sai ya ce maka wannan aikin mutanen lab ne ba nawa ba. Ranar farko ya sa muka shiga Protein Data Bank, wato rumbun da ake ajiye siffofin furotin da aka gano, wanda aka kafa tun 1971 kuma yanzu siffofin da ke ciki sun haura dubu 200, kyauta kowa zai iya saukewa. Muka sauko da ɗaya mai lamba 1IEP, furotin ɗin Abl ne manne da imatinib, maganin wani nau'in kansar jini da aka amince da shi a 2001. Muka buɗe shi a PyMOL, manhajar kallon siffar furotin, kuma gaskiya ranar na ji wani abu, shekara nawa ina haddace sunayen magunguna da zanensu a takarda amma ban taɓa ganin magani zaune a cikin raminsa ina jujjuya shi da linzami ba. Gani ya kori ji.

Sai ya ce mu cire maganin daga ramin, mu ba AutoDock Vina ta mayar da shi da kanta. Vina ɗin manhaja ce ta kyauta da aka fitar daga cibiyar Scripps a Amurka, Oleg Trott da Arthur Olson suka wallafa bayaninta a 2010, kuma ita ce kusan kowa a nan yake amfani da ita. Ya ce wannan shi ne gwajin farko da ya wajaba a kan kowa, in manhaja ta kasa mayar da maganin da aka san mazauninsa kusa da inda yake, tazarar da ba ta wuce angistiram 2 ba (ma'aunin tazara ne tsakanin ƙwayoyin zarra), to duk abin da za ta faɗa maka a kan sabon sinadari tatsuniya ce. Mu wajen ashirin da wani abu ne a ajin, kusan rabinmu muka samu shirme saboda mun saita akwatin binciken a wurin da ba nan ramin yake ba, wasu kuma sun manta ba su saka hayidurojin ba. Kuma abin dariyar, duk da shirmen manhajar ta ba mu maki masu kyau! Shi kuwa Dakta yana tsaye yana murmushi, ashe da gangan ya bari muka faɗa.

A nan ne fa na san ba a banza na zo ba. Domin ku da kuke cikin harkar kun san abin da ke faruwa, mutum zai ɗauko ganyen zogale ko sabara ko marke, ya nemo jerin sinadaran da ke ciki, ya sauko da su daga PubChem, rumbun sinadarai na intanet, ya jefa su a kan wani furotin, ya ga maki ya kai 9 da ɗigo a ƙasan sifili (da yawan nisansa ƙasa da sifili da ƙarfin mannewar da manhajar ke hasashe), shi kenan sai ya rubuta cewa ya gano maganin ciwon suga ko na kansa. Ni kaina abin da na je yi ke nan, ba zan ɓoye ba, so nake in samu babi na huɗu na furojek ɗina cikin sauƙi. Dakta ya ce su kansu waɗanda suka rubuta Vina sun faɗa a takardarsu cewa kuskuren makinta yana kusan kilokalori 3, wato maki 3, to in naka ya samu 9.1 maganin da ake da shi ya samu 8.6, me ka gano? Ba ka gano komai ba, tazarar tana cikin kuskuren. Ga shi kuma manhajar tana son manyan sinadarai, da yawan girman abu da yawan makin da zai tara ko da a zahiri ba ya manne wa komai.

Wata 'yar ajinmu ta ɗaga hannu ta ce Dakta to ni sinadarin kwasatin ɗina ya yi kyau a kan furotin har guda biyar, ba alama ce ta cewa yana da ƙarfi ba? Ya ce Malama, wanda duk gidan da aka shiga a unguwa aka same shi a ciki, ba maigida ba ne. Muka yi ta dariya. Sannan ya yi mana bayanin wasu sinadarai da masana suka yi wa laƙabi da PAINS tun 2010, waɗanda suke nuna kamar suna aiki a kusan kowane gwaji saboda suna rikita gwajin ne kawai, kuma kwasatin da ke cikin albasa da zogale da kuma sinadarin da ke ba kurkum launinsa suna cikin waɗanda aka fi zargi. Ba wai ya raina tsirrai ba ne, shi ya kawo mana misalin maganin maleriya atemisinin da Tu Youyou ta ciro daga tazargade a ƙasar Sin a farkon shekarun 1970 har ta samu kyautar Nobel a 2015, da Niprisan na sikila da aka haɗa a cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja daga tsirranmu. Abin da yake cewa shi ne waɗancan a jikin ƙwayar cuta da dabba da mutum aka tabbatar da su, ba a allon laftof ba.

Sati na biyu muka koma kan zazzaɓin cizon sauro, kuma na ji daɗin wannan zaɓin don abu ne da nake gani kullum a shago. Muka duba furotin ɗin DHFR na ƙwayar maleriya, wanda firimetamin ke toshewa, wato rabin maganin nan da ake ba masu ciki, kuma yana cikin wanda ake bi gida-gida ana ba yara da damina. Ya nuna mana yadda canjin amino asid a gurbi na 108 da 51 da 59 ke sauya fasalin ramin har maganin ya daina zama daidai. Shekaru ina jin ana cewa ƙwayar cuta ta bijire wa magani, ranar na ga bijirewar da idona, ɗan ƙaramin reshe ne ya tsaya a hanya ya hana maganin shiga. Daga nan muka yi ƙa'idar Lipinski, wadda Christopher Lipinski ya fitar a 1997 yana aiki a kamfanin Pfizer don hasashen ko sinadari zai yi maganin sha, nauyinsa kada ya wuce 500, makin narkewarsa cikin mai kada ya wuce 5, masu ba da haɗin hayidurojin kada su wuce 5, masu karɓa kada su wuce 10. Wannan mun taɓa yi a aji, sabon abin shi ne da ya sa muka rubuta 'yan layukan kod da yaren Python da manhajar RDKit muka tace sinadarai ɗaruruwa cikin daƙiƙoƙi maimakon kwafa ɗaya-ɗaya cikin shafin intanet na SwissADME. Ya kuma tuna mana cewa ƙa'idar ba wahayi ba ce, akwai magunguna da yawa da suka karya ta suna aiki lafiya.

To yanzu inda gizo ke saƙar. Tallar da suka yi ta ce za ka fito a shirye don aiki a kamfanonin magani na duniya. Wannan ba gaskiya ba ne kuma ba Dakta ya rubuta ta ba, don ranar da wani ya karanta masa sai da ya dafe kai. Na tare shi bayan magariba a bakin bene na ce Dakta don Allah faɗa min tsakani da Allah, aikin nan a kamfani yaya yake? Ya ce abin da muke yi a nan ɗan ƙaramin yanki ne. A can yawancin lokacinsa yana tafiya ne a gyaran bayanai, sakamakon gwaji ya zo daga lab an rubuta wani da ma'aunin nanomola wani da na maikuromola, sinadari ɗaya an shigar da shi sau uku da suna daban-daban, sai ka zauna ka tsabtace kafin ka yi wani lissafi. Sauran lokacin kuma rubuta kod ne da zai tura ayyuka dubbai kan manyan kwamfutocin kamfani da aka haɗa wuri ɗaya, kana bin layi kamar kowa, wani lokacin ka kwana kana jira ka dawo da safe ka tarar aikin ya mutu tun minti na biyar saboda waƙafi ɗaya. Sannan taro da masu haɗa sinadarai, inda za ka kawo musu abin da kwamfuta ta ce yana da kyau su dube ka su ce wannan ba ya haɗuwa, ko zai ci wata uku. Zagaye ne, a tsara, a haɗa, a gwada, a duba sakamako, a sake tsarawa. Ya ce daga fara bincike zuwa magani ya shiga kasuwa ana ɗaukar shekara 10 zuwa 15, kuma cikin goma da suka kai ga gwaji a jikin mutane kusan tara faɗuwa suke yi, saboda haka mutum zai iya ƙare aikinsa gaba ɗaya bai taɓa ganin abin da ya taɓa ya zama ƙwaya a kwali ba. Kuma yawanci masu digiri na uku suke ɗauka a wannan gurbin, ko wanda ya ƙware sosai a Linux da Python.

Ya ce kuma mannewa ba ita ce ƙarshen magana ba, abu zai iya manne wa furotin ɗin da kake so ya kuma je ya manne wa wata kafa a zuciya da ake kira hERG ya rikita bugunta, nan take na tuna maganin maleriya halofantirin da aka daina yayinsa saboda matsalar zuciya. Hanta kuma tana iya narkar da shi kafin ya isa inda aka aike shi.

Na tambaye shi AlphaFold fa, manhajar nan mai hasashen siffar furotin, ba ta gama da komai ba? Tunda har Demis Hassabis da John Jumper sun samu Nobel a 2024 tare da David Baker. Ya ce ta taimaka ƙwarai wajen hasashen siffar furotin, abin da a da sai a shekara ana fama, amma sanin fasalin kwaɗo daban, ƙera makullin da ba zai cutar da mai gida ba daban. Game da gida kuwa kowa ya sani, yawancin kamfanonin maganinmu na Najeriya haɗa magungunan da aka riga aka gano suke yi, sinadarin ma daga Indiya da Sin ake shigo da mafi yawansa, don haka irin wannan gurbin ba ya da yawa a nan. Ya ambaci cibiyar H3D da ke jami'ar Kef Tawun ƙarƙashin Farfesa Kelly Chibale a matsayin wurin da ake yin ainihin wannan aikin a Afirka, ya ce masu sha'awa su riƙa bibiyar irinsu.

Bari in zo kan cibiyar kanta, don a nan ne raina ya ɓaci. Sun ce akwai kwamfutoci, eh akwai su, amma tsofaffi ne masu ram 4, ka buɗe furotin babba sai linzami ya daskare kana kallonsa yana kallonka. Wanda bai zo da laftof ɗinsa ba ya sha wuya. Nawa mai ram 8 ne na hannu da na saya a PZ, ya yi dokin lafiya in dai ba ka cika masa kaya ba, amma fankarsa tana kuka kamar injin markaɗe. Wuta kuwa, sun ce akwai sola, ashe batirin ba ya kai wa ƙarfe shida, sai a tayar da janareta, shi ma ranar Laraba ta sati na biyu mai ya ƙare ana tsakiyar aiki, muka zauna cikin duhu muna fifita da littafi kusan minti arba'in ana jiran yaron da aka aika gidan mai. Intanet ɗinsu mutum biyar suka hau ya durƙushe, ƙarshe kowa da datarsa ya yi amfani, ni na ƙona wajen gig 12 a sati ukun nan kuma ba a faɗa mana haka tun farko ba. Mutanen ma sun yi yawa, an ce goma sha biyar za a ɗauka, kuɗi ya yi daɗi aka ƙara, malami ɗaya da mataimaki ɗaya wanda shi ma bai fi mu da nisa ba, in kod ɗinka ya ƙi sai ka ɗaga hannu har ya gaji.

Sati na uku shi ne aka yi wa gaggawa. An ce za a koyar da kwaikwayon motsin furotin da manhajar GROMACS, kwana biyu kacal aka ba shi, abin da ya kamata ya ci wata guda. Don ku gane nauyinsa, kowane taku a lissafin femtosakan 2 ne, wato ɗan mitsitsin yanki na daƙiƙa, kafin ka samu nanosakan 100 na motsin furotin sai kwamfuta ta yi taku miliyan 50, kowane taku tana lissafa ƙarfin da ke tsakanin dubban ƙwayoyin zarra har da na ruwan da ke kewaye. Laftof irin nawa ba zai iya ba sai dai in bar wa jikoki. Sai aka koma Google Colab inda ake aron jipiyu, wato na'urar lissafi mai sauri, ta intanet, to shi kuma yana son layi mai ɗorewa, namu kuwa yana yankewa, yawancinmu kwafa umarni kawai muka yi muna liƙawa ba mu san me muke yi ba. Ni dai ba zan ce na iya wannan ɓangaren ba, kuma duk wanda ya fito daga ajin nan ya ce maka ya iya, ka tambaye shi me ya sa ake ɗumama tsarin kafin a fara, ka ga yadda zai yi.

Abu ɗaya da zan yaba wa cibiyar, suna tsayawa sallah a kan lokaci, kuma akwai wurin da mata za su yi tasu a ciki ba sai sun sauka ƙasa ba. Wurin ajiye mashin ma akwai mai gadi. Masu zuwa daga cikin gari ko Sabon Gari ku lissafa kuɗin mota, don ana tashi bayan isha'i kuma a lokacin 'yan keke sun san ba ka da zaɓi.

To wa ya kamata ya je? In kana famasi ko bayokemistiri ko kemistiri, kana da laftof mai ram 8 ko sama, kuma za ka jure a gaya maka cewa sakamakon da kake alfahari da shi ba komai ba ne, ka je, amma ka fara tambaya ko shi wannan Daktan ne zai koyar, domin in ba shi ba ne ban ga abin da ya rage a wurin ba sai fanka da benci. Ka kuma ɗan taɓa Python da umarnin Linux ko na sati biyu ne kafin ka shiga, waɗanda suka zo ba su taɓa ganin baƙin allon nan na rubuta umarni ba sun ɓata satin farko wajen neman inda fayil ɗinsu ya shige. In kuwa daga kwamfuta ka fito ba ka san bambancin sinadaran amid da esta ba, za ka iya tura aikin ya gudu amma ba za ka gane lokacin da ya ba ka shirme ba, gara ka nemi abokin tafiya ɗan kemistiri ku zauna benci ɗaya. In takarda kake so ka buga cikin wata guda, manhajojin duk kyauta ne, ba sai ka biya kowa ba.

Ni a nawa lissafin malamin tara cikin goma, cibiyar huɗu, ita ma don sallah da mai gadi. Na koma wurin sufabaizana na ce Yallaɓai ina so in canza tsarin babi na huɗu, in fara da gwajin mayar da maganin asali sannan in haɗa da sinadaran bogi in ga ko manhajar za ta iya bambance su da na gaske, ya dube ni ta saman tabarau ya ce wa ya koya maka wannan, ka san zai ƙara maka wata biyu ko? Na ce na sani. Satifiket ɗin kuma da suka ce za a ba mu ranar rufewa, yau sati biyar ke nan, jiya ma na biya ta wurin aka ce mai sa hannu ya tafi Kaduna.